Shuɗiyar Tawada da Idon Mai Agogo

Litinin, bayan la'asar

Mai Shago ya ba ni kwalbar tawada in gwada masa. Wani dillali ne ya kawo samfur, kwalba biyu, ya ce shuɗiya ce mai ƙyalli, wai in an yi rubutu da ita sai takarda ta riƙa sheƙi. Mai Shago ya ce, "Sufeto, ke ce mai haƙurin irin wannan aiki. Tafi da ɗaya gida ki duba mini. In ta yi mu saro, in ba ta yi ba mu sallami mutumin."

Na daɗe a kantinsa ina sayar da littattafan rubutu da biro da ambulan, kuma duk sabon kayan da ya shigo ni ake fara miƙa wa in nemo aibinsa. Maigidana ne ya raɗa mini Sufeto, sunan ya bi ni har wurin aiki.

Na san abin da ya sa aka ba ni aikin a wannan makon. Mai Shago yana so hannuna ya sami abin yi. Ban nuna masa na gane ba.

Wannan littafi na gwajin tawada ne kawai.

Gobe za a yi wa mijin nawa, Mai Agogo, aiki a idon dama.

Talata, da hantsi, a bencin asibiti

Sun shiga da shi. Da biro nake wannan rubutun, kwalbar tana gida.

Abin da na lura da shi jiya: kwalbar mai kusurwa huɗu ce, tana da nauyi, ba za ta kife da sauƙi ba. Murfin yana rufuwa gam. Akwai bayani a jikinta da wani harshe da ban sani ba, kuma rubutun ƙanana ne ainun. Ban san abin da ya sa masu kamfani suke ƙara ƙanƙanta rubutu a 'yan shekarun nan ba.

Yaya, wato yayarsa, tana kusa da ni. Ta leƙo littafin ta ce, "Amaryarmu, ƙanena yana ciki ana taɓa masa ido, ke kina nan kina lissafin murfin kwalba?"

Na ce, "Aiki ne, Yaya."

Ta ce, "To ci gaba. Ni ma da na iya, da na yi." Ta kama hannuna na hagu ta riƙe. Har yanzu ba ta saki ba, shi ya sa rubutun ya karkace.

Idon dama shi ne wanda yake manna wa gilashin aiki in zai buɗe agogo. Tun kafin in san shi da shi yake aiki.

Talata, da yamma

Alhamdu lillahi, an fito da shi, mun dawo gida. Maganar da ya fara yi ita ce agogon bangon asibitin yana latti.

Likita mace ce, gajeriya, mai saurin magana. Na sa ta maimaita mini komai. Ta ce wani abu ne ya ɓalle a can bayan idon, sun mayar da shi, sun sa kumfar iska a ciki ta danne shi har ya kama. Don kumfar ta zauna inda ake so, dole ya kwanta rub da ciki, fuska ƙasa, dare da rana, sai in zai ci abinci ko zai zagaya. Idon ba zai ga komai ba yanzu sai duhu-duhu. Ko ya kama ko bai kama ba, sai nan gaba za a sani.

Sai ta ɗaga yatsa ta ce masa, "Malam, ka saurare ni. Na hagun ma a sa masa ido. In ka ga walƙiya, ko wasu ƙananan haske suna tartsatsi, ko da tsakar rana kana cikin cin abinci ne, ka ajiye cokali ka zo."

Ya ce, "To, ranki ya daɗe. In naman ya yi daɗi fa?"

Ba ta yi dariya ba. Ni na yi, don a sami wanda ya yi.

Laraba, da sassafe

Na naɗe tawul kamar gammo na aza masa a bakin gado, goshinsa a kai, hancinsa a ramin tsakiya. Ya ce yanzu ya san tabarmar ɗakinmu fiye da yadda ya san ni.

Na ja labule duka, na rufa wa ƙwan lantarki wani tsohon kallabi. Likita ba ta ce a yi haka ba. Ni na ga ya dace. Ɗakin ya zama kamar magariba ba ta wucewa.

Yaya za ta riƙa wuni da shi, ni in karɓe ta in na taso.

Laraba, bayan magariba

Na fara gwaji. Na wanke alƙalamina mai shan tawada, wanda Baba ya bar mini, na shanya shi. Da na ɗaga kwalbar sai na ga wani abu toka-toka ya kwanta a gindinta kamar laka. Raina ya ɓaci. Sabuwar tawada, a ce har ta yi datti? Ta yiwu ta daɗe a ajiye a wurin dillalin.

Baba akawu ne, kuma abu guda da bai taɓa yafewa ba shi ne a zuba wa alƙalami tawada mai datti. Tacewa yake yi da farin ƙyalle. Ni ma na ɗauko hankici mai tsabta, na ɗaure a bakin wata kwalba, na tsiyaye a hankali. Lakar duk ta tsaya a hankicin, tawadar ta fito tas. Na ɗauraye hankicin na jefa cikin kayan wanki.

Daga kan gado ya ce, "Me kike tsiyayawa haka, Sufeto? In shayi ne ina so."

Na ce, "Tawada ce."

"To ba sukari."

Launin yana da kyau, wannan kam ba musu. Shuɗi ne mai zurfi, ba irin na biro ba. Tana gudu a bakin alƙalami ba tare da na danna ba. Ƙyalli dai ban gani ba tukuna. Wataƙila sai ta bushe sosai.

Alhamis, da safe

Ta bushe. Ba ƙyalli.

Alhamis, da yamma

Na tafi da takardar kanti, na duba ta a bakin ƙofa cikin rana. Na karkata ta dama, na karkata ta hagu, na miƙe hannu na nesanta ta. Shuɗi ne kawai. Ko ni ce ban san abin da ake nufi da ƙyalli ba? Na tambayi mai gyaran takalmi na gefenmu, ya duba ya ce, "Hajiya, rubutunki dai ya yi kyau." Ba abin da na tambaye shi ke nan ba.

Na gwada takarda iri-iri. A ta littafin makaranta tana ratsawa ta fito ta baya. A ta ambulan tana ɗan bazuwa, haruffan su yi gashi-gashi. A farar takarda mai santsi ta fi zama daidai, sai dai tana jinkirin bushewa, na goga da gefen hannu na ɓata layi guda.

Mai Agogo yana cikin nishaɗi. Agogunan mutane da ya kawo gida kafin aikin suna jere a kan kabad, kowanne da bugunsa, shi kuma yana kwance yana gane su da kunne. "Wannan na malamin makaranta ne, yana ɗingishi. Wancan na matar mai kemis ne, gaggawa gare shi kamar mai shi." Yaya ta ce wuni ya yi yana ba ta labarin tururuwa biyu da suke wucewa ta ƙarƙashin gado, har ya ba su suna.

Ya cinye abincinsa. Na ɗiga masa magani a kan lokaci. Idon ja ne, ya kumbura, amma Likita ta ce haka zai yi.

Juma'a, da yamma

Yaya ta yi wanki yau, zanin gado, rigunan matashi, tawul-tawul, duka. Na ce da ta bari na yi ranar hutu. Ta ce, "Ke da kike wanke riga ɗaya kamar za ki yi mata tambayoyi? Sai baɗi."

Gwajin ruwa: na ɗiga ruwa a kan rubutun. Ya narke, amma ana iya karanta inuwarsa. Ba ta dace da rasit ba.

Asabar, bayan isha'i

Bai ci da yawa ba.

Lahadi, da hantsi

Ba kanti yau, amma na fita kasuwa da wuri don kada Yaya ta ce komai sai ita. Da na dawo na tarar ya ja zani ya rufe kansa gaba ɗaya. Na ce zafi zai dame shi. Ya ce haka ya fi masa.

Ban ji labarin tururuwa ba tun shekaranjiya. Na tambaye shi ko sun yi ƙaura. Ya ce, "Wa?"

Ta yiwu wuyansa ne ke ciwo. Kowa ya kwana biyar fuska ƙasa zai gaji da wasa. Na shafa masa man zafi a kafaɗa.

Na sake rubuta shafi guda da alƙalami mai faɗin baki, ko a nan ƙyallin zai fito. Bai fito ba. Ta yiwu ni ce. Tun ina makaranta in kowa ya ce ya ga abu a allo, ni sai na sake tambaya.

Lahadi, da yamma

Ya kira ni ya ce in ɗauko agogon bango na falo, zai koya mini yadda ake ɗaura shi. Na ce ai shi yake yi kullum. Ya ce, "Ki dai koya." Ya faɗa mini ramin da ake sa makulli, da yadda zan ji ya yi tauri in tsaya. Ya sa na yi sau biyu.

Sannan ya ce agogunan kan kabad, ya kamata a mayar wa masu su, su kai wani wuri.

Na ce, "Ai sun ce za su jira."

Ya ce, "Kada a riƙe wa mutane kaya."

Tawadar ba ta da wari. Wasu suna da shi. Wannan abin yabo ne, ya kamata in rubuta.

Litinin, da azahar, a kanti

Na ba Mai Shago sakamako. Na ce launi mai kyau, gudu mai kyau, ba ta jure ruwa, ta zo da datti, kuma ƙyalli babu ko kaɗan. Ya kira dillalin a waya a gabana ya ce masa, "Sufeto ta duba, ta ce tawadarka ba ta ƙyalli." Ina jin mutumin yana rantsuwa ta cikin wayar. Mai Shago ya ce, "Malam, matar nan ta taɓa gano ambulan da gam ɗinsa ke gefen da ba daidai ba a cikin katan guda. In ta ce babu, babu."

Na ji daɗi, sai kuma na ji wani iri. Mutumin bai yi kama da mai ƙarya ba.

Mai Shago ya tambayi mai jiki. Na ce da sauƙi.

Litinin, da yamma

Da sauƙi.

Talata, bayan la'asar

Zan rubuta wannan a jere yadda ya faru, don har yanzu dariya tana taso mini, wani lokaci kuma ba dariya ba ce.

Da safe na gama shiri zan fita, jakata a kafaɗa, sai ya ce, "Sufeto, zauna." Muryar kamar ba tasa ba. Na zauna a ƙasa inda zan ga gefen fuskarsa.

Ya ce, "Na hagun ma ya fara."

Na ce, "Ya fara me?"

"Abin da Likita ta ce. Tartsatsin. Tun ranar Asabar. Da rana ya fi yawa, in haske ya shigo ta gefen labule. Duk inda na duba suna nan, a matashi, a zani, ƙanana-ƙanana."

Tun ranar Asabar. Ban san abin da na ce masa ba. Yaya, da ta shigo daidai lokacin, ta ce wai cewa na yi, "Kai ko agogon mutane ba ka yi wa haka." Ita kuma ta ajiye kwanon da ke hannunta ta ce, "Auta, da ba ka da ciwo da na mare ka." Mutumin da furfura ta fara cin gemunsa.

Ya ce, "Na ga kina ta fama. Na ce bari in ga ko zai wuce."

Mun sami mota. Ya zauna a baya ya sunkuyar da kai a kan tawul ɗinsa, ni ina riƙe da ƙeyarsa saboda ramukan hanya. Ban tuna hanyar ba.

Likita ba ta sa mu jira ba. Ta ɗiga masa wani magani, aka ɗan dakata, sannan ta zaunar da shi gaban na'urarta ta haska idon hagun. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce ya kalli kunnenta, ya kalli rufi. Ta daɗe. Sai ta ja da baya ta ce, "Ban ga komai ba. Lafiyarsa ƙalau. Malam, faɗa mini yadda suke."

Ya ce, "Kamar garin azurfa. In na motsa kai sai su yi wal-wal."

"In ka rufe ido fa?"

"Sai su ɓace."

Ta ce, "Yanzu kana ganinsu?"

Ya dubi bango ya ce a'a. Ya dubi ƙasa ya ce a'a. Sai ya sunkuya kan tawul ɗin da ke cinyarsa, inda fitilar na'urar ta faɗo, ya ce a hankali, "Ga su nan."

Likita ta leƙa. Ta ɗauki tawul ɗin ta juya shi a ƙarƙashin fitilar. Ta ce, "Malam, ni ma ina ganinsu."

Nas ɗin da ke tsaye ta matso ta ce, "Wallahi ni ma."

Yaya ta ce, "Wannan? Ai tun ranar Juma'a na gani a kan igiya. Ni na ɗauka sabon garin sabulun nan ne, har na ce wa maƙwabciyarku ta saya."

Kowa yana gani ban da ni. Na karɓi tawul ɗin na miƙe hannu na nesanta shi, ina ƙifta ido. Likita ta dube ni, ta cire tabaran da ke rataye a wuyanta ta ɗora mini a hanci ba tare da ta nemi izini ba. Sai ga shi. Tawul ɗin gaba ɗaya yana walƙiya, kowane zare da nasa. Sai na ga bakin hannun rigata ma, da gefen farcena.

Na ce, "Hankicin."

Suka ce wane hankici. Na ba su labarin lakar da na tace. Nas ta fita waje da gudu, muna jin dariyarta a baranda. Likita ta dafe tebur. Ashe lakar ita ce ƙyallin. Na tace shi tas na zuba wa Yaya a wanki, ita kuma ta raba wa duk kayan shimfiɗarmu.

Mai Agogo bai yi dariya nan da nan ba. Ya sa tafin hannu ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake yi ko kuka ba. Da ya buɗe ya ce, "Sufeto, kwana uku ina ban kwana da duniya, ashe rahotonki nake kallo."

Likita ta bari muka gama, sannan ta ɗaure fuska. Ta ce masa, "Da na gaske ne, kwanakin da ka yi shiru sun isa su tafi da idon. Ka sake yi mini haka, ka nemi wani likitan." Ya ce ya tuba. Ni kuma ta rubuta mini takardar zuwa gwajin tabarau, ta ce in buɗe labulen ɗakin nan, ba jemage ta yi wa aiki ba.

Ta duba na daman tunda mun zo. Ta ce ya daina kwanciya rub da ciki daga jibi. Na ce, "Ya kama?" Ta ce, "Yana inda na bar shi. Sauran sai kumfar ta janye." Ban sake tambaya ba.

Laraba, da azahar, a kanti

Na faɗa wa Mai Shago. Ya yi dariya har ya zauna a kan katan ɗin takarda ya lotsa shi. Ya ɗauko kwalba ta biyu daga aljihun tebur, ya girgiza ta kamar maganin tari, ya ɗaga ta a rana. Lakar ta tashi ta gauraye, kwalbar duka ta ɗauki walƙiya tana juyawa a hankali. Mai gyaran takalmi ya bar aikinsa ya zo kallo.

Na ce ni zan kira dillalin da kaina. Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Hajiya, ai a jikin kwalbar an zana hannu yana girgizawa." Na duba da tabaran da Likita ta ara mini. An zana.

Mai Shago ya ce in tafi da ta biyun, in fara daga farko. Na ce ko zai ba wani. Ya ce, "Wa kuma ya san tawadar nan ciki da waje kamar gidanku?"

Juma'a, da hantsi

Ya zauna a kujera yau kamar mutane. Ya ce duniya ta yi tsayi.

Na karɓo tabarau nawa. Ashe masu kamfani ba su ƙanƙanta komai ba.

Asabar, bayan la'asar

Gwaji na gaskiya. Wannan shafin da ita nake rubuta shi.

Sai an girgiza kwalbar sosai, a cika alƙalami nan take kafin ƙyallin ya koma ƙasa. In an ajiye alƙalamin aka ɗauka, a murza shi tsakanin tafin hannu, in ba haka ba layin farko ya kwashe ƙyallin duka, sauran su fito tsirara. Da siririn baki ba a ganin komai sosai. Da mai faɗi kuwa, a farar takarda mai santsi, in an karkata ta wajen taga, sai haruffan su taso. Ƙyallin ya fi taruwa a inda alƙalami ya tsaya, a gindin harafi da wurin ɗigo. Na rubuta sunan Baba don in gani. Da yana nan da ya ce an lalata tawada, sannan ya roƙi a ba shi kaɗan.

Aibinta: in ta bushe ƙyallin yana bin yatsa. Kuma ta toshe mini alƙalami da na bar shi kwana biyu, sai da na jiƙa bakin a ruwan ɗumi.

Mai Agogo ya ce kumfar ta fara janyewa. Ya ce kamar yana cikin kwalbar da ruwa ya kai mata wuya: can sama akwai wata siririyar tazara mai haske, ƙasa duk duhu, kuma layin da ke tsakani yana rawa in ya motsa. Ya rufe na hagu da hannu ya ce yana ganin fankar rufi. Dishi-dishi, amma fanka ce.

Na fita tsakar gida na ɗan tsaya. Wankin da aka sake yi yana kan igiya, har yanzu yana sheƙi.

Litinin, da yamma

Ya ƙirƙiro wani sabon aiki. Da na dawo sai ya tsayar da ni a bakin ƙofa, wuri guda kullum, ya rufe na hagu, ya faɗi inda layin ya kai. Yau ya ce, "Ina ganin ƙullin ɗankwalinki. Ya karkace."

Bai karkace ba. Na duba a madubi. Ya ɗan karkace.

Laraba, da yamma

Goshi.

Alhamis, da yamma

Goshi har yanzu. Ya ce jiya ma ta yiwu bai kai goshin ba, ɗoki ne. Bai yi wasa da yawa ba yau. Ni ma na ƙona shinkafa.

Na ɗaura agogon falo. Ya ce na tsaya da wuri, ya tashi ya ƙarasa da kansa.

Asabar, da yamma

Ido da tabarau. Ya ce sun yi mini kyau, na yi kama da mai binciken haraji. Yaya ta ce in layin ya kai bakina a gaya mata ta zo ta ga ko zai iya rufe shi.

Na miƙa wa Mai Shago sakamako na biyu. A saro kaɗan. A sayar wa masu rubuta katin gaisuwa da masu son abin sha'awa, ban da ɗalibai, ban da ofis. Duk wanda ya saya a girgiza kwalbar a gabansa. Mai Shago ya ce zai sa in riƙa yi da kaina, tunda ni ce na fi kowa sanin illar rashin yi.

Talata, da azahar

Mun dawo daga wurin Likita. Ya kama.

Ta ce ya kama. Na sa ta maimaita, ta maimaita. Ganin ba zai koma kamar da ba gaba ɗaya, kuma maganar gilashin aiki sai an ƙara wasu makonni a ga yadda zai zauna. Ya karanta manyan haruffan allonta da wasu na tsakiya. Ya ce mata agogon bangonsu har yanzu yana latti, in ta yarda ya tafi da shi. Ta yarda. Yana kan kabad tare da sauran.

Juma'a, bayan magariba

Na shigo, na tsaya a wurina a bakin ƙofa. Ya rufe na hagu. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya sake dubawa, irin duban da yake wa agogo in ya cire murfin baya.

Na ce, "Ina aka kai?"

Ya ce, "An wuce haɓa. Sufeto, kin rame."

Na ce, "Sai yau? Duk makonnin nan na hagun me yake yi?"

Ya ce, "Na hagun ɗan rakiya ne, duk abin da aka nuna masa sai ya ce ya yi kyau. Wannan ne ma'aikacin." Ya sauke hannunsa. "Yaushe rabonki da ki ci abinci a zaune?"

Na fara lissafi, ya ce in bari. Ya karɓi jakata ya rataye, ya zaunar da ni a kujerarsa, ya shiga kicin. Na ce masa mai zai fantsar masa a ido. Ya ce Likita ba ta hana ƙwai ba. Ina jinsa yana buɗe kabad ɗin da ba nan gishiri yake ba, na bar shi ya nemo.

Ƙwan ya ɗan ƙone ta gefe, shayin kuma sukari ya yi masa yawa. Ya zauna a gabana yana kallo har na cinye duka.